Maganar taɓa jijiya: yatsa biyu ba sa kada ɗan ƙwace

Akwai wasu bidiyo da suka daɗe suna yawo a wayoyin matasanmu, daga WhatsApp zuwa TikTok zuwa Facebook, kuma da wuya a samu fadar da ba a kalle su ba ana jiran shayi ya nuna. Za ka ga wani metir cikin fararen kaya da baƙar ɗamara, ya kira wani ƙaton almajirinsa gaban mutane, ya dangwale shi da yatsa biyu a wuya ko a damtse, sai ƙaton ya sulale ƙasa kamar buhun geron da aka kwance wa baki. Daga nan a zaunar da shi, a bubbuga bayan wuyansa, ya buɗe ido yana zare-zare, ƴan kallo su ɗau tafi. A ƙarƙashin bidiyon kuma a rubuta cewa wai jikin ɗan Adam yana da wasu wurare na sirri, in ka san su, ko yarinya ƴar shekara goma sai ta kada ɗan kokowa.

Ra'ayinmu a kan wanga batu ba ɓoyayye ba ne. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, amma an lulluɓe ta da ƙarya mai yawa, kuma wanda ya dogara da ita ranar da ɗan ƙwace ya tare shi a lungu, ya shiga uku. Abin da ya sa muka ga ya kamata a tattauna shi ke nan, don maganar ta wuce nishaɗi. Akwai ƴan mata masu dawowa daga lakwal ko daga talla da yamma, akwai ƴan kabu-kabu masu kwana kan hanya, akwai yara masu gwada abin a wuyan ƙannensu.

Asalin abin daga gabashin Asiya ya fito. Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin sun daɗe da zana taswirar jiki mai ɗauke da wurare ɗari uku da sittin da wani abu, inda suke soka siraran allurai don magani. Tun a shekarar 1027 wani likitan fadar sarki mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ƙananan huji a kowane wuri, don koyar da ɗalibai. Daga wannan taswira ne wasu masu koyar da faɗa suka ce to, in wurin nan yana warkarwa, ai kuma yana iya kashewa. Sinawa na kiran abin dim mak, mutanen Japan da tsibirin Okinawa, mahaifar karate, suna ce masa kyusho. A kudancin Indiya ma suna da nasu, wanda suke kira marma ko barma. Sai finafinai suka ɗauka suka ƙara gishiri. Duk wanda ya taso yana shiga gidan kallo ya ga yadda jarumi ke dangwale mutum ya sandare kamar gunki, sai an zo an kwance shi. Ko mutuwar Bruce Lee a Hong Kong a watan Yulin 1973 sai da aka jingina ta da wannan taɓawa ta sirri, alhali likitocin da suka duba gawarsa kumburin ƙwaƙwalwa suka rubuta.

Amma waɗanda suka mai da abin kasuwa ta gaske Amurkawa ne. Tun wajen ƙarshen shekarun 1960 wani mai suna John Keehan, wanda ya raɗa wa kansa Count Dante, yake tallar ɗan littafinsa a bayan mujallun yara, yana cewa shi ne mutum mafi haɗari a duniya, a aiko kuɗi a samu sirrin. Bayansa aka yi George Dillman na jihar Pensilbeniya, wanda ya zagaya ƙasashe yana shirya tarukan koyarwa, yana sumar da almajiransa a gaban jama'a. Wasu daga cikin bidiyon da ke zuwa wayoyinmu, nasa ne ko na waɗanda suka sha a rijiyarsa.

Kafin mu zo kan ƙaryar, bari mu ba gaskiya haƙƙinta. Jiki yana da wurare masu rauni, wannan ko mahauci ya sani. Wanda ya taɓa buge bayan gwiwar hannunsa da ƙofa ya ji yadda wani abu kamar lantarki ke tsarga masa har ƙaramin yatsa. Jijiya ce ta bi ta wajen, ba nama mai kauri a kanta. Duka a ƙahon zuciya, wato ramin nan da ke ƙasan ƙirji, yana ɗauke numfashi na ɗan lokaci saboda tsokar da ke ja da sakin huhu ta ƙage. Naushi a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, inda hanta take, yana durƙusar da ƙato komai taurin kansa, ƴan damben zamani sun san shi sarai. Akwai wata jijiya a gefen ƙafa, ƙasa kaɗan da gwiwa, wadda in aka yi ta shurinta sai ƙafar ta mutu, mutum ya kasa taka ta. Haɓa kuwa ita ce uwa uba: in naushi ya same ta, kai yana juyawa da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza cikin ƙoƙonta, wuta ta ɗauke. A gefen wuya kuma akwai manyan hanyoyin jini biyu masu kai jini ƙwaƙwalwa. In aka matse su duka biyu da kyau, kamar yadda ƴan judo ke yi, cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka mutum ya suma.

To ku duba waɗannan duka da kyau. Wanne ne a cikinsu ake yi da ɗan dangwale? Babu. Kowanne yana son ƙarfi, yana son sauri, yana son a same shi daidai lokacin da abokin faɗa bai shirya ba, ko kuma a riga an kama shi an danne. Kuma ba wani sirri a ciki da sai an biya kuɗi a ji. Ɗan damben gargajiya da ya naɗe hannu da zare, bai taɓa ganin taswirar Sinawa ba, amma ya san muƙamuƙi yake nema. Abin da ya ɗauke shi shekaru yana koyo shi ne yadda zai kai hannun can, alhali wancan ma yana da garkuwa, yana kaucewa, yana kuma neman nasa muƙamuƙin.

Nan ne gizo ke saƙar. A bidiyon metir, almajiri yana tsaye cak, ya miƙa hannu, ya saki jiki, yana jira. Ya biya kuɗin koyo, yana girmama malaminsa, ya ga ƴan uwansa goma sun faɗi kafin shi, kuma ya san abin da ake jira ya yi. Ba lalle ne ma ya zama yana yaudara da gangan ba. Zuciyar da ta riga ta yarda za ta faɗi, jiki yana bin ta. Ɗan ƙwace kuwa bai biya kuɗin koyo ba, bai san metir ba, ba zai tsaya ba. Yana motsi, yana zufa, wataƙila da riga biyu a jikinsa lokacin ɗari, wataƙila bisa babur yake, kuma galibi ba shi kaɗai ba ne. Wurin da aka ce ka taɓa bai fi faɗin dala ba. Kai kuma a lokacin zuciyarka na dukan uku-uku, hannunka na rawa. Wanda tsoro ya taɓa kamawa da gaske ya san ko makulli kasa sa shi yake a ƙofa, ko lambar wayar mahaifiyarsa ɓace masa take. Da wannan hannun ne za a nemo ƴar jijiya a damtsen mutum cikin duhu? Haba jama'a.

Sai kuma maganar zafi. Rabin waɗannan dabaru a kan zafi suka dogara: ka latsa nan, ya ji zafi, ya sake ka. Amma mutane ba ɗaya suke ba wajen jin zafi, kuma wanda jininsa ya hau cikin faɗa sau da yawa sai bayan an rabu yake gane an yanke shi. Balle a zo ga wanda ya sha tramol ko wata ƙwaya, abin da ba sai mun ɓoye ba, ya yi yawa a garuruwanmu. Maganin kashe zafi ne fa ya haɗiya. Ka latsa masa jijiya, abin da za ka samu shi ne ka ƙara tunzura shi, kuma ga ka a kusa da shi, daidai inda wuƙarsa ke kaiwa. Gaskiya ne a wasu ƙasashe ana koya wa ƴan sanda latsa bayan kunne ko ƙarƙashin hanci, amma don ɗaga mutumin da ya zauna ya ƙi tashi ne, ko wanda jami'ai biyu uku suka riga suka riƙe. Wannan daban, wanda ya zo maka da niyyar cuta daban.

An gwada abin, ba sau ɗaya ba. A shekarar 2005 tashar National Geographic ta ɗauki shiri a kan mutanen Dillman, waɗanda a lokacin sun kai ga cewa suna iya sumar da mutum ko ba su taɓa shi ba. Aka kawo wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Luigi Garlaschelli, ya tsaya, ɗaya daga cikin manyan abokan aikin Dillman ya yi ta aiki a kansa, bawan Allah ko gezau. Da aka tambayi Dillman dalili, bayanin da ya bayar shi ne wai mutumin bai yi imani da abin ba, kuma wai in harshen mutum yana wani wuri a baki, ko ya ɗaga babban yatsan ƙafa, abin ba ya ci. To mu dai tambayarmu ɗaya ce: makamin da sai abokin gaba ya yi imani da shi, ya kuma ajiye harshensa daidai, wane irin makami ne?

A Japan, a 2006, wani dattijo mai suna Yanagi Ryuken, wanda bidiyonsa ya nuna yana watsar da almajirai da iskar hannu kawai, ya yarda ya kara da wani matashi mai horon faɗa na gaske. Abin tausayi ne a kalla. Naushin farko da ya same shi a fuska, sai ya tsaya yana dafe baki cikin mamaki, kamar wanda bai taɓa sanin ana jin zafin duka ba. Mu a ganinmu shi ma almajiransa ne suka cuce shi, shekara da shekaru suna faɗuwa har ya yarda da kansa. A ƙasar Sin kuma akwai Xu Xiaodong, mai koyar da faɗan da ake haɗa dambe da kokowa, wanda ya sa kansa aikin tona asirin irin waɗannan malamai. A 2017 a birnin Chengdu ya gama da wani malamin taici cikin ƴan daƙiƙoƙi, a 2019 kuma ya kara da wani mai iƙirarin sanin taɓa jijiya, ba a cika minti ɗaya ba aka raba. Hukumomin ƙasarsa ba su gode masa ba, matsa masa suka yi don wai ya ci mutuncin al'ada, amma bidiyon na nan kowa ya gani.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurinmu ma ba waɗannan ba ce. Tun Nuwamban 1993 aka fara gasar UFC a birnin Denba na Amurka, kuma a farkonta dokokin ba su da yawa, kowa ya zo da salonsa. Wanda ya lashe ta farko, Royce Gracie ɗan Birazil, siriri ne, kuma da kamu da kayarwa da shaƙa ya ci. Daga lokacin zuwa yau an yi dubban karawa, ana biyan miliyoyin daloli. Da akwai wurin da za a dangwala mutum ya faɗi, kuna jin waɗannan mutane masu neman kuɗi ido rufe za su bar shi? Da tuni kowa ya koya.

Mu dawo gida, don muna da namu ma'aunin. Tun 1975 ake kokowar takobi a ƙasar nan, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Daga Kantu da Kadade da Salma Ɗan Rani har zuwa Isaka Isaka na Doso da ya ɗau takobi sau shida, an ga laya, an ga guru, an ga ƙwarya da rubutu da turare iri-iri a fili. Amma a ƙarshe, wanda ya fi ƙafa da ƙugu da numfashi da sanin lokacin shiga, shi ke kai mutum ƙasa. Ƴan kokowa suna manne da juna minti da minti, hannun kowa na kan wuya da damtsen ɗan uwansa, wato daidai wuraren da metir ke nunawa a bidiyo. Ko sau ɗaya wani ya taɓa sulalewa a filin Langa-Langa na Damagaram don an taɓa masa jijiya? Haka Abdul Razak Isufu Alfaga, da ya kawo mana azurfa daga Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya na taekwondo a Koriya ta Kudu a 2017. Haka Isaka Dabore da ya ciyo tagulla a damben zamani a Munik ta Jamus a 1972. Duk da gumi suka samu, da dukan da suka sha a wajen horo daga abokan da ba sa raga musu.

Abin ma ya yi kama da wani abu da muka sani tun kaka da kakanni. Wa bai ji labarin sagau ba, wanda ake cewa in mutum ya ɗaga hannu zai buge ka sai hannun ya ƙage? Wa bai ga ƴan tauri na wasa da wuƙa ranar salla ba? Ba mu zo jayayya da kowa a kan abin da ya gada ba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, buƙatar ɗaya ce: mutum mai tsoro yana son gajeriyar hanya da za ta sa ya fi ƙarfin wanda ya fi shi ƙarfi, ba tare da wahala ba. Da can a ƙauye ake zuwa nema, yau ya zo cikin salula da fararen kaya da sunan Japananci. Kuma kamar kullum, in abin bai ci ba, laifin naka ne: ba ka taɓa daidai ba, ko ba ka kai matakin ba tukuna, ka ƙaro jika biyar a koya maka na gaba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damunmu, kuma muna roƙon iyaye da malaman makaranta su saurara. Abin da ba ya aiki a kan ɗan ƙwace yana iya kashe yaron da ya tsaya cak ana gwaji a kansa. Wuya ba wurin wasa ba ne. Duka a gefen wuya yana iya rikita bugun zuciya, yana iya tsaga bangon hanyar jini daga ciki, jini ya daskare, bayan awoyi ko kwana ɗaya biyu mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba wanda zai tuna da wasan da aka yi shekaranjiya. A Nuwamban 2014 a Sidni ta Ostareliya, ƙwallon kurket ta sami ɗan wasa Phillip Hughes a gefen wuya, yana da shekara 25, da hular kariya a kansa, bayan kwana biyu ya rasu. Ƙirji ma haka. Akwai wani ɗan taƙaitaccen lokaci cikin kowane bugun zuciya, bai kai ƙiftawar ido ba, wanda in duka ya sauka daidai kansa zuciya na iya tsayawa, kuma yara da matasa abin ya fi samu saboda ƙashin ƙirjinsu bai yi ƙwari ba. Shi ne ya faru da Damar Hamlin, ɗan ƙwallon Amurka, a Janairun 2023 a gaban dubban ƴan kallo. Ya rayu ne don likitoci da na'urar tada zuciya suna bakin fili. Ba wanda ya isa ya auna wannan lokaci da gangan, tsautsayi ne, amma tsautsayin yana iya faɗowa a tsakar gidan kowa in yara suna gasar dukan ƙirji. A unguwanninmu wace na'ura ce a kusa? Shaƙar wuya kuwa, ko ƴan sandan Faransa sun daina amfani da ita a hukumance tun 2021, bayan rayukan da aka rasa wajen kamu. Kuma ko suma kawai mutum ya yi, faɗuwar da zai yi da ƙeya a kan siminti ta isa. Duk malamin da ke sumar da ɗalibai don nuna gwaninta, ku cire ɗanku daga hannunsa ranar, kada ku jira wata.

To me ya rage wa mai son kare kansa? Ba mu ce kada a koyi faɗa ba, a koya mana. Akwai kulob na taekwondo, karate, judo da damben zamani a Yamai da manyan garuruwan jihohi, ga kokowa a ƙofar gida. Abin dubawa ɗaya ne in ka je: shin ɗalibai suna karawa da juna da gaske, da kayan kariya, kowa na ƙoƙarin hana ɗan uwansa? Shin malamin da kansa yana shiga a taɓa shi? In ka ga kullum ɗaya na tsaye ya miƙa hannu, ɗaya na nuna fasaha a kansa, rawa ake koya maka. Wata shida na horo na gaske zai ba ka numfashi, ya koya maka faɗuwa ba ka karye ba, ya koya maka ƙwace hannunka in an riƙe, ya kuma cire maka ruɗewar da ke kama wanda bai taɓa shan naushi ba. Zai kuma koya maka wani abu da bidiyo ba ya faɗi, wato yadda faɗa ke da wuya ko da mutum ɗaya ne marar makami. Shi ya sa za ku ga waɗanda suka fi iyawa su ne suka fi gudun rigima.

Ga ƴan matanmu musamman, waɗanda su aka fi yi wa tallar nan da sunan wai ba ta buƙatar ƙarfi: in har abu ya kai ga an kama ki ba hanyar fita, manyan wurare ake nema da dukkan ƙarfi, ido, hanci, maƙogwaro, gaba, tare da ihu iyakar murya, kuma manufar ita ce ki samu daƙiƙa biyu ki ruga inda mutane suke, ba ki tsaya ki ga ya faɗi ba. In kuwa salula ce ko jaka ko babur ake so, kuma ga wuƙa a hannunsa, a miƙa masa. A lura da fuskarsa da kayansa da inda ya nufa, a je komisariya ko wajen jandarmomi a kai ƙara tun abin yana da zafi, a kuma sanar da mai unguwa don a san lungun da ake tare mutane.